Tsakuwoyin Kawu Tacho

A takarda sunansa Anastasio Cauich Dzib, amma ban taɓa jin an kira shi haka ba sai a bakin ma'aikaciyar asibiti. Duk ƙauyenmu Don Tacho ake ce masa, ni kuma Kawu, domin wan mahaifiyata ne. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, farcen babban yatsansa na hagu ya tsage tun kafin a haife ni, bai kuma sake haɗewa ba. Magana tsada take yi masa. In ka yi masa doguwar tambaya sai ya zuba maka ido har ka fara zargin kanka, sannan ya ce "E" ko "A'a", ya ci gaba da abin da yake yi.

Ni kuwa bakina ne sana'ata. Sunana Rosendo, ana ce mini Chendo, shekarata goma sha ɗaya ina jagorantar 'yan yawon buɗe ido. Da sassafe mu kwaso su daga otal-otal na Valladolid a farar bas, mu kai su kufan kakanninmu da ke bayan ƙauye, su sha rana su ɗauki hoto. Da tsakar rana mu gangara da su sanote, wato tafkin da ke cikin kogo, su yi iyo a ruwan sanyin da ke ƙarƙashin dutse, su ci abinci, mu mai da su kafin yamma. Abin da zan ba da labari a ɗaya daga cikin irin waɗannan ranaku ya faru, har yau kuma in na tuna sai kunnuwana su yi zafi.

Kawu manomi ne tun asali, masara da wake da kabewa, kamar ubansa. Yana da shekara ashirin da uku masu binciken tarihi suka zo daga birni neman majiya ƙarfi da za su sare dajin da ya rufe kufan. A lokacin tuddai ne kawai da ake ratsawa in za a farautar barewa. Ya tafi da addarsa aikin wata biyu, sai da ya yi shekara talatin da huɗu.

Daga sara aka mai da shi dakon dutse, daga dako zuwa kwaɓa, daga kwaɓa aka ba shi cokalin gini. Aikinsu shi ne ta da bangon da ya zube. Ba a taɓa dutse sai an zana inda ya kwanta an rubuta masa lamba, domin daga kwanciyarsa ake gane mazauninsa na asali. Farar ƙasa kuwa da kansu suke ƙona ta, su jiƙa ta wata da watanni, su haɗa da ruwan ɓawon itace. Ka ambaci siminti a gabansa kamar ka zagi uwarsa ne. An ce wani matashin injiniya ya taɓa kawo buhu goma don a yi sauri. Sai Kawu ya hau kan buhunan ya zauna. A nan ya dama kunun masararsa a ƙwarya ya sha, a nan ya yi gyangyaɗin rana, bai sauka ba sai da mota ta zo ta kwashe su.

Akwai wata ƙa'ida da masu binciken suka zo da ita. Duk inda tsohon gini ya ƙare gyara ya fara, sai a jera ƙananan tsakuwoyi a cikin ɗanyen kwaɓi tsakanin dutse da dutse, don na baya su san wanne ne aikin mutanen da, wanne ne na yanzu. Sauran magina cusa su kawai suke yi su wuce. Kawu ya ɗauki abin kamar ibada. A hanyar gona yake tsinto nasa, kowace ba ta wuce ƙwayar wake ba, har matarsa Doña Hermelinda ta gaji da ɗinke masa aljihu ta rantse ta daina. "Ba ni na gina ba, ɗagawa na yi," in ji shi. "Kada a ɗora wa mutanen da aikina, kada kuma a ba ni nasu." Na san wannan tun ina ƙarami, a teburin cin abinci na ji shi ba sau ɗaya ba. Ina faɗa ne don kada wani mai tausayi ya nemi ya yi mini uzuri da rashin sani.

Shekara shida da suka wuce, a watan Mayu, na samu ayarin da ba a ratsa su. Zafi ya narkar da su, wannan na hamma, wancan na latsa waya, na yi barkwancina mafi kyau ko tari ba wanda ya yi. Muna gaban dogon bangon da ke farfajiyar arewa sai wani mutum ya nuna jerin tsakuwoyin ya ce mene ne wannan. Na sha ba da amsar gaskiya a baya, na kuma sha ganin yadda fuskoki ke saki, kamar an ce musu jabu aka sayar musu. Ranar sai bakina ya riga ni. Na ce limaman mutanen da ne suke sa tsakuwa ɗaya duk shekarar da damina ta sauka a kan lokaci, don haka kowace tsakuwa shekara ce ta albarka.

Nan take wayoyi suka sauka daga fuska, suka matso. Wata har da dafe ƙirji. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni.

Washegari na maimaita. Bayan wata guda na ƙara cewa duk wanda ya shafa su zai sake dawowa ƙasarmu. Sauran 'yan jagora suka ji suka ɗauka, kowa ya sa nasa gishirin, har wani ya ce suna ba mace haihuwa. Kafin shekara ta zagayo baƙi na zuwa da labarin a wayoyinsu, su ne ma ke tuna mini in na tsallake. Daga shafawa aka koma ƙwaƙula da farce, daga farce zuwa makullin ɗakin otal. Masu gadi uku ne a duk faɗin kufan, ina za su iya? Ina kallo ramuka na ƙaruwa a bangon kamar haƙoran tsohuwa. Na daina ba da labarin, amma ya riga ya yi ƙafa, ba ya bukatata.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne Kawu ya bar aiki, gwiwoyinsa sun hana shi, shekara takwas bai taka wurin ba. Yana gida da ƙudan zumarsa. Sai ciwon yanar ido ya kama shi. Likita ya ce na dama ya tafi, na hagu za a gwada yi masa aiki, amma bai yi alkawarin komai ba. Wata Lahadi mahaifiyata ta tare ni a ƙofar kicin.

"Ranar Talata za ka tafi da Yaya a motarku. Yana so ya ga bangonsa kafin a taɓa idon."

"Mama, motar kamfani ce fa. Kujeru a ƙidaye suke."

"To ka ba shi taka, kai ka tsaya. Kamfanin ne ya goya ka?"

"Zafi ake yi yanzu, ga gwiwarsa. A bari bayan aikin mana."

Ta ajiye ludayi ta dube ni. "In aikin bai yi ba fa, da me zai gani? Da kunne? Kai Chendo, yaushe ka zama haka?"

Ranar Talata muka same shi a bakin titi tun kafin lokaci, cikin farar rigarsa ta zuwa coci, da malfa da sanda. Fausto direbanmu, wanda ya shekara bakwai yana jin duk abin da nake faɗa wa baƙi, ya sauko da kansa ya buɗe masa ƙofar gaba.

"Don Tacho, yau mun yi babban baƙo! Hau ka ga yadda ɗan ƙanwarka ke sayar wa Turawa iska a kwalba."

"Suna saye?" in ji Kawu.

"Har layi suke yi!"

Kawu ya yi ɗan murmushi. Na gabatar da shi ga baƙin da Turanci a matsayin dattijon ƙauyenmu, ban ce magini ba ne. Shi Mayanci, harshen kakanninmu, yake ji da ɗan Sifaniyancin kasuwa, don haka bai san me na ce ba, ya ɗaga musu malfa kawai.

A kufan na shirya dabarata. Na bi da ayarin ta kudu, na daɗe a gindin babban ginin nan mai matakala, na ja zancen filin ƙwallon mutanen da har sai da ni ma na gaji da muryata, da nufin in ce lokaci ya ƙure mu tsallake farfajiyar arewa. Da na waiwaya babu Kawu. Mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a wuri ba ya bukatar ido ya kai kansa. Na ba baƙin minti ashirin na ɗaukar hoto, na bi shi da sauri.

Na same shi ya jingine sanda, ya kifa tafin hannu a bangon, yana bin layin da yatsa. Yatsan ya faɗa rami, ya fito, ya faɗa wani.

"Chendo, zo nan. Idona ne, ko babu su?"

"Wasu babu, Kawu."

"Daga nan har ina?"

"Har kusurwa."

Ya bi layin har kusurwar, a hankali, yana jan ƙafa. Ya dawo. Ya cire malfa ya riƙe a ƙirji kamar an ce masa wani ya rasu.

"Wannan ni na kwaɓa shi da hannuna," ya ce. "Shekarar da aka haifi 'yata Marbella. Ruwa ya sauko da wuri, ana ta gaggawa, na san farar ƙasar ba ta gama kwana ba, amma na ce a yi. Ban taɓa gaya wa kowa ba." Ya shafa bangon. "Na mutanen da ya yi shekara dubu. Nawa ko arba'in bai kai ba ya fara zubar da haƙora. In tsakuwa ta fita, gobe dutse ne zai bi ta. Ashe duk ɓarna na yi musu."

Na ɗaga kai. Daga inda hannun dogon mutum ke kaiwa zuwa sama, layukan duk suna nan cif, ko ɗaya ba ta motsa ba. Duk mai ido zai gane ba laifin kwaɓi ba ne. Shi ba ya ganin can. Kalma biyar ta isa ta sauke masa wannan kaya, amma na san in na faɗe su tambayar da za ta biyo baya ita ce wa ya cire, sannan don me. Sai na kama hannunsa na ce rana ta yi, mu tafi mota. Na yi abubuwan kunya a rayuwata, amma wannan tafiyar daga bango zuwa bas, da hannun tsohon a cikin nawa, ita ce ta fi kowanne.

A sanote ya ƙi cin abinci. Matan kicin, waɗanda duk sun san shi, suka kawo masa kaza da wake da tortilla, wainar masara, masu zafi, ya ce a ba wani. Ya zauna a kan bencin da ke kusa da famfunan wanka, inda dole kowane baƙo ya wanke man da ya shafa kafin ya shiga ruwa, baƙon ya kuma juye aljihunsa a akwatin ajiya. Ina tsaye ina raba rigunan iyo sai wata mata daga Kanada, tsohuwar malamar makaranta mai furfura, wadda tun safe take ta yi mini godiya a kan komai, ta matso tana murmushin wanda ya yi 'yar ɓarna. Ta buɗe hannu. Tsakuwa biyu.

Ta ce ta san bai kamata ba, amma 'yarta shekara tara da aure ba haihuwa, a waya ta karanta labarin. Kafin in yi wani motsi ta juya ga Kawu, tunda na ce dattijo ne, ta zuba masa su a tafin hannu, ta ce in tambaye shi ko akwai addu'ar da ake yi a kansu.

Kawu ya murza su tsakanin yatsu. Ya kai ɗaya hanci. Ya sa tsagaggen farcen nan ya kankari busasshen kwaɓin da ke manne a gefenta, bai ɓare ba.

"Me take cewa? Ina ta samo waɗannan?"

A cikinmu mu ukun ni kaɗai ke jin harsunan biyu. Ina iya cewa a ƙasa ta tsinta, magana ta mutu. Har na buɗe baki da niyyar haka. Amma na ga yadda yake ta kankarar kwaɓin nan, ya kasa gaskata yatsansa, sai na kasa.

"A bango ta cire, Kawu. Da makulli. Baƙi ne ke cire su."

"Don me?"

"An gaya musu limaman mutanen da ne suka sa su, wai suna kawo albarka da haihuwa."

Ya sake murza tsakuwoyin. "To ba kwaɓin ba ne?"

"Ba shi ba ne. Na sama, inda hannu ba ya kaiwa, duk suna nan."

"Ka gan su ɗazu?"

"Yanzu na tuna."

Sai ya fashe da dariya. Ban taɓa jin Kawu ya yi dariya da sauti ba sai ranar, har da buga sanda a ƙasa, har hawaye na fita daga mataccen idon. "Da makulli! Kun ji ko? Sai da ƙarfe ta fita!" Ya ɗaga murya wajen kicin. "Ke Doña Chabela, ina kazar nan? Dawo da ita kafin Fausto ya gan ta!"

Fausto na tsaye a gefe da kwalbar lemo a hannu, ya ji komai.

"Gaya wa baiwar Allah nan," in ji Kawu, "ni na sa waɗannan, ni Tacho, a hanyar gonata na tsinto su. Ba sa ba da haihuwa. Da suna bayarwa da ban tsaya a 'ya'ya biyu ba, aljihuna cike da su shekara talatin. Ta kai 'yarta wurin likita, ni kuma zan kunna mata kyandir ranar Lahadi."

Wannan kam na fassara shi kalma da kalma. Fuskar matar ta yi ja har wuya. Ta durƙusa a gabansa a kan jiƙaƙƙen siminti, ta riƙe hannunsa, ta ce ta yi sata, ta ji kunya, ya yafe mata. Ba ta kawo uzuri ko ɗaya ba. Ni ne na juya masa wannan ban haƙurin zuwa Mayanci da bakina, ina ji ina gani ta yi cikin minti ɗaya abin da na kasa cikin shekara shida.

Bayan ta gangara ruwa, Kawu na cin kazarsa, sai ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Wane ne ya ƙirƙiro wannan shirmen?"

Na ji idon Fausto a ƙeyata.

"Ban san shi ba, Kawu. Ana cewa wani ɗan jagora ne daga can birnin Cancún."

"Dole," ya ce yana gyaɗa kai. "Ɗan ƙasar nan ba zai yi ba. Wanda ya ci masarar wurin nan ya san waye ya ɗaga bangon."

Fausto ya ajiye kwalbar da sauran lemo a ciki, ya tafi ya zauna a mota. Duk hanyar komawa bai kunna rediyo ba.

An yi wa Kawu aikin ido, ya samu ɗan haske, yana bambance mutum da itace. Ya sa Marbella ta rubuta wa masu kula da kufan takarda, aka ja igiya a gaban bangon arewa. Ni ma yanzu gaskiya nake faɗa. Ina tsayar da ayari in ce wannan layin wani magini ne ya jera shi, sunansa Anastasio Cauich, yana nan da rai. Wasu fuskokin su saki, wasu su nemi ganin hotonsa. Fausto bai tona ni ba, bai kuma ƙyale ni ba. Kullum da safe in na shiga mota sai ya ce, "Barka da asuba. Ya mutanen Cancún?"

Labarin kuma ya zama na Kawu. Mutumin da a da sai an roƙe shi kalma, yanzu duk wanda ya zo sayen zuma sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin makulli da maƙaryacin Cancún. Sau uku ina zuwa gidansa da niyyar in faɗa masa. Sau ukun ina samun shi cikin farin cikin da ban taɓa ganinsa a ciki ba, sai in ce wa kaina ba yau ba, in kira tsorona tausayi.

Ranar bikin waliyyin ƙauyenmu aka yanka talo-talo a gidansa, dangi duk suka hallara. Ana tsakiyar ci ya sake ɗauko labarin, kowa na dariya a inda aka saba. Da ya kai ƙarshe sai ya lalubo ni, ya ɗora hannu a ƙeyata.

"Da ba don wannan ba, da na shiga kabari ina zargin hannuna. Shi ya gaya mini gaskiya. Allah ya taimake mu muna da namu a wurin." Ya juya ga mahaifiyata. "Ke, zuba masa cinyar nan. Ni na ce."

Mama ta zuba mini, idonta ya cika da hawayen alfahari. Na sunkuyar da kai na cinye tas, domin in na rage sai an tambaye ni dalili.